So da Bakin Aro: Darasi Daga Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano

Mai karatu, bari in soma da wata tambaya da kai kaɗai za ka ba kanka amsa. Yaushe rabonka da ka ji jarumi a fim ɗin Hausa ya dubi jaruma ya ce mata "ina sonki", maganar ta ratsa ka har tsigar jikinka ta tashi? Ni dai na jima rabona. Abin da kunnena ya saba da shi shi ne "I love you" da "baby", in kuma al'amarin ya fi ƙarfin Turancin sai darakta ya yanke, ya kwashe mu zuwa gindin bishiya ko bakin dam, a sako waƙa. To amma yau ba Turanci ne ya kawo ni ba. Faransanci ne, kuma a tashar jirgin ƙasa ta Kano na gamu da shi.

A ƙarshen shekarar 2023 wani abokina marubucin fim, wanda muka yi difloma tare a Poli, ya ja ni mu je duba lokeshin. Labarinsa a taƙaice shi ne: yaro ɗan Fagge, mai tsaron shagon atamfa a Kantin Kwari, ya faɗa son wata yarinya 'yar Maraɗi da ta zo hutu gidan gwaggonta. Uban yarinyar ya aiko a mayar masa da ita domin ya yi mata miji. Sin ɗin ƙarshe, wanda abokina yake ta alfahari da shi, bankwana ne a tasha: tana leƙe ta tagar jirgi, shi kuma yana bin tarago da gudu yana zuba mata kalaman so da Faransanci, wai don ta san saboda ita ya koyi yarensu.

Tun kafin mu shiga na ce masa akwai gyara, domin babu jirgin da ke tashi daga wannan tasha zuwa Maraɗi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930, amma bai taɓa tsallaka iyaka ba. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, sai a watan Fabrairun 2021 aka aza harsashinsa, kuma a lokacin da muke wannan magana ana kan aikinsa ne. Ya ce ai 'yan kallo ba za su lura ba. Na ce to, Allah ya sa.

Mutumin da ke kan benci

Ranar babu jirgi. Tsofaffin taragogi ne tsaye cikin hazon hunturu, sai 'yan tsirarun mutane. Da muka gama zagaye muka zauna wurin wani mai shayi a waje. Kusa da ni akwai wani magidanci da bai wuce shekara talatin da biyar ba, yana waya. Daga jin Hausarsa ka san mutumin Maraɗi ne, irin masu zuwa sarin kaya a Kwari su canza sefa a Wapa. Lokacin kuwa iyaka a rufe take tun bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta ba sai Maris ɗin 2024, zuwa gida ya zama jan aiki.

Ba saurare na yi niyya ba, amma benci ɗaya ne. Da Hausa ya yi hirarsa duka: lafiyar yara, kuɗin makaranta, tsadar gero, ƙafar tsohuwa da ke ciwo. Da ya zo rufewa sai ya sunkuyar da kai, ya rage murya, ya faɗi wasu kalmomi uku da Faransanci, ya kashe wayar. Bayan nan ya daɗe yana juya cokali a cikin kofi bai sha ba.

Abokina da bakinsa ba ya shiru ya yi masa sallama, ya gabatar da kansa, ya zaro sikirif ya nuna masa layin da ya rubuta wa jaruminsa: "Je t'aime bien, ma chérie." Mutumin ya karanta, ya tuntsire da dariya har shayi ya zubo masa a riga. Ya ce, "Malam, wa ya ba ka wannan? In ka gaya wa yarinya haka ai ka sallame ta ke nan. Ka ce mata kana sonta irin son ƙanwa." Abokina ya ce ai a ƙamus ɗin waya ya duba, ya ga "bien" na nufin "da kyau", shi ne ya ƙara don son ya ƙara ƙarfi.

Na tambaye shi, shi fa, me ya faɗa wa iyali? Ya yi murmushi ya ce, "Tu me manques. Ina kewarta ke nan." Na ce me ya hana ka faɗa da Hausa? Ya ce, "Haba ɗan'uwa, a gaban mutane? Can ma tsohuwata na zaune kusa da ita. A lakwal muka haɗu da ita, da wannan harshe na fara rubuta mata takarda. In na faɗa da shi, mu biyu kaɗai muka sani."

Yadda Faransawa ke faɗa

Wannan dariya ce ta sa na koma na zauna da Faransanci, wanda rabona da shi tun ƙaramar sakandare. Kada ka manta, mai karatu, tun 1996 Janar Sani Abacha ya shelanta cewa Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu a Nijeriya, amma mafi yawanmu abin da muka fito da shi daga aji bai wuce "bonjour" ba. Abin da na tarar ya ba ni mamaki, domin a fagen soyayya Faransanci ya fi kusa da Hausa fiye da Turancin da muke ta rawar jiki a kansa.

Da farko, kalma ɗaya gare su, "aimer", da ita ake son shinkafa, da ita ake son mace, kamar dai yadda Bahaushe zai ce "ina son tuwo" ya kuma ce "ina sonki". Saboda haka "je t'aime" tsirararta ta fi nauyi. Da zarar ka jingina mata "bien", ka sauko da ita daga soyayya zuwa shiri da mutunci. Ƙari ya zama ragi. Wannan ƙa'ida kaɗai ta isa darasi ga marubutanmu da ba sa iya barin jarumi ya ce "ina sonki" sai sun jero masa "fiye da raina, fiye da numfashina, fiye da ruwan da nake sha", har mai kallo ya tashi ya je ya sha ruwan ya dawo ba a gama ba.

Na biyu, "tu me manques". A ginin wannan jimla, wanda ake kewa shi ne a gaba, mai kewar yana baya, kamar a ce "kin yi mini giɓi". Mu ma muna da irinta: "kewarki ta dame ni". Mai maganar bai yi komai ba, abu ne ya same shi. Na uku, suna da "tu" na sabo da "vous" na girmamawa, tamkar yadda muke ce wa babba "ku" ko da shi kaɗai ne. A labaransu, ranar da masoya suka sauka daga "vous" zuwa "tu" babbar rana ce, mai kallo ya san an tsallake wani shinge ba tare da kowa ya taɓa kowa ba.

Sai sunayen lallashi. "Chérie" shi ne wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka mayar "sheri". "Mon cœur" zuciyata ke nan, "ma moitié" kuma rabina, wanda bai da maraba da "rabin raina" namu. Amma akwai "mon chou", wato kabejina, da "ma puce", wato ƙumata. E, ƙuma dai da ka sani mai cizo. Ka ga ke nan abin da yake zuma a wani harshe, in ka juyo shi kai tsaye zuwa wani, mari zai jawo maka. Son farat ɗaya kuwa suna kiransa "coup de foudre", faɗuwar aradu. Bahaushe da ya fi su sanyin rai ya ce so gamon jini ne.

Fim ɗin 'yar mai shagon lema

Da yake aikina kallo ne, sai na nemi yadda su masu harshen suka yi sin ɗin bankwana a tasha. Fim ɗin da nake so ka nema shi ne Les Parapluies de Cherbourg, wato lemomin garin Sharbur, na darakta Jacques Demy, wanda ya fito a 1964 ya kuma lashe babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a wannan shekara. Mai son finafinanmu ba zai ji baƙunta ba, domin daga farko har ƙarshe babu magana ko ɗaya da ba a rera ta ba. Ko gaisuwa da cinikin fetur da waƙa ake yi, a kan kiɗan Michel Legrand.

Labarin ma kamar a Kano aka rubuta shi. Geneviève, wadda Catherine Deneuve ta fito a matsayinta, 'yar mai shagon lema ce. Tana son Guy, wani bakanike. A 1957 aka kira shi aikin soja na shekara biyu a yaƙin Aljeriya. Bayan tafiyarsa ta gane tana da ciki, wasiƙunsa suka yi ƙaranci, ga bashi ya dabaibaye shagon uwarta, uwar kuma ta yi ta tura ta ga wani attajiri mai cinikin lu'ulu'u har ta aure shi. Batun cikin nan ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba shi na ce a kwaikwaya ba. Abin da nake so ka duba shi ne yadda Demy ya raba kalamai.

A kashi na farko masoyan nan sun faɗi so har ba iyaka. A tasha kuwa, jirgi ya ja, kyamara ta bi jirgin tana nisa, yarinyar tana ƙanƙancewa a kan dandamali har ta juya ta tafi. Babu gudu, babu faɗuwa ƙasa. Sai a ƙarshen fim, a Disambar 1963, suka haɗu kwatsam a gidan man da Guy ya buɗe, ana zubar ƙanƙara, kowa da aurensa da ɗansa. Me suka ce wa juna? Kusan babu. 'Yar gaisuwa, tambayar lafiya, ta shiga mota ta tafi. A nan ne masu kallo suke kuka, ba a wurin rantse-rantsen farko ba. Sannan wadda ta zama matarsa, Madeleine, yarinya ce mai shiru-shiru da ta yi jinyar gwaggonsa har ta rasu. Fim ɗin bai raina son baki ba, amma ya nuna maka wanne ne ya tsaya da aka shiga wuya.

Bahaushe ya riga ya raba waɗannan biyun da suna. Ado Ahmad Gidan Dabino ya sa su a kan bangon littafinsa na 1991, In Da So Da Ƙauna, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad ɗan talaka, da attajiri Abdulƙadir da aka so a haɗa ta da shi har ta faɗa rijiya. So daban, ƙauna daban. Bayan su muna da bege, da shauƙi, da kewa, da ƙawazuci, kowanne da mazauninsa. Harshen da yake da wannan dukiya, me ya kai shi bara?

Kunya ce, amma wa take yi wa aiki?

Amsar ita ce kunya, kuma ban raina ta ba. "Ina sonki" magana ce mai nauyi a bakin Bahaushe. Iyayenmu da yawa sun yi shekara arba'in tare ba wanda ya furta ta. Matar da ba ta kiran sunan mijinta sai "Malam" ko "Baban wane", mijin da ke shigowa da tsire a ƙunshe bayan yara sun yi barci, saurayin da ke aika toshi ta hannun ƙanwa ko ya aika gaisuwa a filin zaɓi sonka na rediyo, duk faɗa suke yi, ta bayan gida kawai suke bi. Harshen aro ma irin wannan hanya ce. Kalmar da ba da ita uwarka ta yi maka faɗa ba, ba ta da nauyi a harshenka, shi ya sa take saurin fita.

To a nan ne na raba mutumin benci da jarumin abokina. Shi Faransancinsa gaskiya ne. Yana da tarihi a tsakaninsa da matarsa, ya kuma yi masa amfani a matsayin labule tsakaninsa da mai shayi da tsohuwarsa. Kalma uku ya faɗa bayan minti goma na hirar gero da kuɗin makaranta, kuma hirar geron ce ta ba kalmomin nauyi. Shi kuwa yaron Fagge na cikin sikirif, wa yake ɓoye wa? Ihu yake yi a tasha. Sannan babban kuskuren: wai ya koyi "yarensu". Yarinyar Maraɗi yarenta Hausa ne. Maraɗi da Katsina ɗanjuma ne da ɗanjummai, tarihin sarautarsu ma ɗaya ne. Ita kanta Nijar a watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Su kansu 'yan fim ɗin Nijar na farko sun san haka. Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya fara lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, sunan fim ɗin ne da Faransanci, amma da Zabarmanci ya bar mutanensa suka yi rigimarsu ta alhajin da ya ƙwace budurwar saurayi. Kuma ba a ce masana'antarmu ba ta da masu jin harshen ba. Hadiza Gabon a Libreville aka haife ta, Fati Nijar 'yar Maraɗi ce, ga sauran 'yan wasa da mawaƙa da suka tsallako. Marubucin da labarinsa ya buƙaci Faransanci da gaske yana da wanda zai tambaya, ba sai ya dogara da ƙamus ɗin waya ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowace masana'anta. A finafinanmu namiji ba ya taɓa mace. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma kowa ya tuna yadda ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙar ClassiQ, wanda shi ma sunansa I Love You. Tunda an rufe ƙofar hannu, nauyin duka ya koma kan baki da ido da shiru. Kamata ya yi a ce mu ne gwanayen duniya a wannan fage. Maimakon haka sai muka ɗauki kalamai daga Turawa, muka ɗauki bin jirgi da gudu daga Indiyawa. Ai duk wanda ya kalli Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 ya san inda abokina ya samo sin ɗinsa, sai dai a can yarinyar ce take gudun. Tun da aka buɗe silimar Rex a Sabon Gari a 1937 muke kallon yadda wasu ke soyayya. Kallo ba laifi ba ne. Laifin shi ne mu tashi daga kallon mu kasa ganin abin da ke faruwa a kan bencin mai shayi.

Abin da nake roƙon marubuta

Ban ce a haramta baƙon harshe a fim ba. Kano gari ne na baƙi, Fagge ma tun asali masaukin fatake ne, kuma duk ranar da jirgin Maraɗi ya fara zirga-zirga za a ƙara cuɗanya, a ƙara auratayya, labarai irin na abokina su yi yawa. Roƙona kawai, kafin ka sa wa ɗan wasa kalmar aro a baki, ka tambayi kanka a ina ya same ta, wa yake so ya ji, wa kuma yake so kada ya ji. In ba ka da amsa, goge ta. In kana da ita, ka nemi mai harshen ya duba maka, kada ka saki yarinya alhali kana zaton ɗaura aure kake yi. Sannan ka ƙirga sau nawa aka ambaci so a sikirif ɗinka. In ya wuce uku, wataƙila ba ka nuna shi ba ne shi ya sa kake ta nanatawa. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska.

Abokina ya yi fushi da ni na kwana biyu, daga baya ya sake rubutun. Ya cire jirgin, ya mayar da bankwanar tashar mota. Yaron ya zo da turmin atamfa ɗaya a leda, ya miƙa wa gwaggon ya ce a ba ta ta yi ɗinkin biki. Yarinyar tana cikin mota ta ga kalar, irin wadda ta taɓa tsayawa tana kallo ce a shagonsu ranar da suka fara haɗuwa, ta kasa saye. Ba ta ce komai ba, ta ja mayafi ta rufe fuska. Furodusan da ya kai wa ya karanta ya ce sin ɗin ya yi kyau, amma ina waƙar, kuma me ya sa yaron bai faɗa mata yana sonta ba? Har yau sikirif ɗin yana cikin jakar abokina.

Kai mai karatu, da kai ake fakewa a duk lokacin da aka ce "haka 'yan kallo suke so". In haka kake so, to shi ke nan, na yi shiru. In kuwa ba haka ba ne, filin wasiƙu a buɗe yake, ka rubuto ka faɗa da bakinka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.